Bugu ɗaya tak a dare guda: yadda masu jifa biyu suka rufe wasa a Los Angeles a 1965

Ranar 9 ga Satumba 1965, mutum 29,139 suka shiga filin Dodger Stadium da ke Los Angeles domin kallon wasan besbol tsakanin Dodgers masu masaukin baƙi da Cubs na Chicago. Awa ɗaya da minti 43 aka yi aka tashi 1-0. Sau 53 'yan wasa suka ɗauki kulki suka tsaya a gaban mai jifa, amma a dukan daren, ƙungiyoyin biyu a haɗe, sahihin bugu ɗaya aka samu, kuma ba shi ya kawo makin da aka ci ba. Mutum ɗaya ne ya taka tasha, shi ma sau biyu kacal. Har yau babbar gasar Amurka ba ta sake ganin wasan da aka buga har ƙarshe mai ƙarancin bugu irin wannan ba.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ce mene ne abin mamaki a 1-0, ai kowane mako ana yi. A besbol ba haka abin yake ba. A yawancin shekaru kowace ƙungiya takan ci maki huɗu zuwa biyar a wasa idan aka yi lissafin tsaka-tsaki, kuma a tashi 8-6 ko 10-3 ba labari ba ne. Idan ka ga 1-0, to masu jifa ne suka riƙe wuyan wasan. Littafin tarihi ya rubuta wannan dare da sunan mutum ɗaya, Sandy Koufax, mai jifan Dodgers, domin babu ɗan Cubs ko ɗaya da ya taka tasha a gabansa. Ni kuwa ina ganin tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya kayar, Bob Hendley, ba ta kai yadda aka rubuta ba, kuma irin wannan wasa ba bajintar hannu kaɗai ke haifar da shi ba.

Ga tsarin wasan a taƙaice. Kowace ƙungiya na da mutum tara a fili. Ana yin zango tara, a kowane zango ɗaya na bugu ɗaya na tsaro, sai an fitar da masu bugu uku sannan a yi musanya. Ke nan kowace ƙungiya tana da fita 27 da za ta kashe kafin a tashi. Mai bugu yana tsayawa da kulki a gefen wani faranti na roba mai faɗin inci 17 da ake kira gida. Mai jifa yana kan ɗan tudu, nisan ƙafa 60 da inci 6 daga gare shi, wato mita 18 da 'yan kai. Akwai tashoshi uku, ƙafa 90 tsakanin kowace da mai bi mata, kuma wanda ya zagaye su ya dawo gida shi ya ci maki ɗaya. Idan mutum ya buga ƙwallo ta faɗi inda babu mai tsaro har ya kai tasha lafiya, shi ne sahihin bugu. Idan aka cafe ta a sama, ko aka riga shi kai ta tasha, ya fita.

Inda rigimar take shi ne a saman farantin nan. Akwai wata taga da ba a zana ta a ko'ina ba, alƙalin wasa ne ke auna ta da ido: faɗinta faɗin farantin, tsayinta daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Jifan da ya ratsa tagar ba a taɓa shi ba, ko wanda aka kai wa duka aka kuskure, ya ci mai bugu. Idan aka ci shi sau uku ya fita, an kore shi ke nan. Jifan da ya kauce wa tagar, mai bugu kuma ya yi haƙuri bai kai masa duka ba, a kan mai jifa yake. Idan ya kauce sau huɗu, mai bugu ya ajiye kulki ya taka zuwa tashar farko a kyauta.

Ƙwallon da ke gudun kilomita 150 a awa tana isa faranti cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, kuma wani kaso mai yawa na wannan lokaci a lilo da kulkin yake tafiya. Saboda haka mai bugu ba ya jira ya ga inda ƙwallon za ta ƙare. Tun tana tsakiyar hanya yake yanke shawara, daga yadda ta bar hannu da yadda ɗinkinta ke juyawa. Shi ya sa ko gwanin gwanaye, a cikin tsayuwa goma, bakwai yakan koma benci hannu rabbana. Aikin mai jifa shi ne ya sa wannan hasashe ya zama ƙarya.

Makamai biyu Koufax ya dogara da su. Na farko jifan gudu, wanda yake saki daga can saman kai da hannun hagu, ƙwallon na juyawa baya, iska na tallafe ta, sai ta ƙi saukowa gwargwadon yadda ido ya saba. Mai bugu sai ya rantse tashi ta yi, alhali faɗuwa ce ba ta yi sosai ba, kulkinsa kuwa ya bi ta ƙarƙashinta. Na biyu jifan lanƙwasa, wanda ke fitowa daga wuri guda da na farko amma yana juyawa gaba, ya taho kamar zai bi ta kafaɗa, yana dab da isowa ya sulale ya faɗi wajen gwiwa. Abokan hamayyarsa da dama sun sha faɗin cewa daga yadda yake ɗaga hannu suna gane wanne ne ke zuwa, kuma sanin bai hana su kuskurewa ba.

A farkon daren ma ba a ga alamar za a yi abin tarihi ba. A zango na farko Glenn Beckert ya sheme wata ƙwallo ta bi layin hagu, ta faɗi waje da layin da ɗan kaɗan. Da ta matso ciki da taku ɗaya, da zancen ya mutu tun mutum na biyu. A zango na biyu wani sabon yaro, Byron Browne, wanda ranar ce ta farko da ya buga a babbar gasa, ya buga wata mai ƙarfi ta tafi kai tsaye hannun Willie Davis a tsakiyar fili. Cubs ɗin kuma ba a raina su wajen bugu, duk da cewa a ƙasan tebur suke a shekarar. Ernie Banks, Billy Williams da Ron Santo duk suna cikin jerin, kuma dukansu uku daga baya an saka su a zauren karrama fitattun 'yan wasa da ke Cooperstown.

A ɗaya gefen, Hendley yana ta nasa aikin shiru. Shi ma bahago ne, ɗan garin Macon a jihar Jojiya, a watan Mayun shekarar aka karɓo shi ta hanyar musaya daga Giants ta San Francisco. Ba shi da jifan da zai sa a riƙe baki. Abin da yake yi shi ne ya sa masu bugu su taɓa ƙwallon a inda ba su so, ta gangara ƙasa a ɗauka ko ta tashi sama a cafe. Mutum goma sha biyu na farko da suka tsaya gabansa duk ya mayar da su benci. Aka shiga zango na biyar babu wanda ya taka tasha a ɓangarorin biyu.

Makin da aka ci ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a nan ake ganin abin da ƙarancin maki ke yi wa wasa. Lou Johnson ne ya buɗe wa Dodgers zango na biyar. Jifa huɗu suka kauce wa Hendley, Johnson ya tafi tashar farko kyauta. Sai Ron Fairly ya zo, bai lilo da kulki ba, ya tare ƙwallon da shi kawai ta gangara 'yan taku gabansa. Aka fitar da shi, shi ma abin da ya zo yi ke nan, ya sadaukar da kansa Johnson ya kai tasha ta biyu. Jim Lefebvre na tsaye da kulki, Hendley ya ɗaga ƙafa zai yi jifa, sai Johnson ya zura da gudu zai saci tasha ta uku. Mai cafka na Cubs, wato mai tsugunawa bayan faranti yana cafe jifa, Chris Krug, shi ma sabon shiga ne a shekarar, ya cafe ya miƙe ya wurga wa Santo da ke tsaron tashar. Jifan ya yi sama, ya bi ta kan Santo ya gangara can filin hagu. Johnson ya tashi daga ƙasa ya ƙarasa gida. Maki ɗaya ke nan, babu bugu ko ɗaya.

Da a ce a wasan da aka tashi 9-7 ne Krug ya yi wannan jifa, da kafin a kai mota an manta. A wasan da ba a cin maki, duk ƙaramin abu nauyinsa ninkuwa yake. Kyautar tasha ɗaya, taku biyu da mai gudu ya ƙara kafin ya zura, jifan da ya ɗara da kamu ɗaya, kowanne na iya zama shi ne wasan gaba ɗaya. Shi ya sa dabara ma takan sauya. Sadaukar da mutum irin yadda Fairly ya yi, masu lissafi na yanzu sun nuna cewa a mafi yawan lokuta asara ce, domin tana rage yawan makin da ake sa ran ci a zangon. Amma idan kana da yaƙinin maki ɗaya ya isa, to ba yawa kake nema ba, ɗayan kake nema. Walter Alston, kocin Dodgers, ya san wanda ke kan tudunsa.

Haka ma aka gina ƙungiyar tun asali. Dodgers ta 1965 sau 78 kacal ta buga ƙwallo ta tsallake katanga a dukan kakar, wato bugun da ke kai mai shi gida kai tsaye, mafi ƙaranci a rukuninta cikin rukuni biyu na gasar, kuma waɗanda suka fi kowa a cikinsu, Johnson da Lefebvre, 12-12 suka yi. Amma Maury Wills shi kaɗai ya saci tasha sau 94. Ƙungiya ce da ke tsintar maki ɗaya ko biyu da gudu da wayo, sannan ta miƙa wa Koufax da Don Drysdale su kulle ƙofa. Johnson kansa ba da shi aka fara kakar ba. Ya daɗe yana gararamba a ƙananan gasa, sai da Tommy Davis ya karye a idon sawu a watan Mayu aka kira shi.

Bayan makin nan, wasa biyu ake kallo a fili ɗaya, domin har zuwa zango na bakwai babu wanda ya yi wa Hendley sahihin bugu shi ma. A zango na shida Koufax ya sha da ƙyar: Krug ya buga ƙwallo ta gangara wajen Wills, Wills ya wurga ta tashar farko ta dira ƙasa kafin ta isa, Wes Parker ya kwashe ta daga cikin ƙura. Da ta kuɓuce masa, da an rubuta kuskure, Krug ya tsaya a tasha, cikar wasan ta rushe ba da laifin mai jifa ba. A na bakwai kuma jifa uku a jere suka kauce masa a kan Billy Williams, saura ɗaya ya ba da tasha kyauta. Ya dawo ya ci shi sau biyu, sannan Williams ya ɗaga ƙwallo aka cafe a hagu. A ƙarshen wannan zangon ne, an riga an fitar da mutum biyu, Johnson ya taɓa wata ƙwallo marar ƙarfi ta tsallake kan Banks a tashar farko ta faɗi a bayansa, ya kai tasha ta biyu. Shi ne bugu ɗaya tilo na daren. Fairly ya biyo baya aka fitar da shi, Johnson ya tsaya a inda yake, bugun bai haifar da komai ba.

Daga nan Koufax ya daina lallashi. Mutum shida na ƙarshe duk kora ya yi musu, babu wanda ya sa ƙwallo a fili. A zango na takwas Santo, Banks da Browne. Banks sau uku ya tsaya a daren, sau uku aka kore shi. A na tara yana jifa da ƙarfin da har hularsa ke faɗuwa. Krug ya tafi, Joey Amalfitano ya tafi, aka turo Harvey Kuenn a madadin Hendley. Kuenn tsohon hannu ne, shi ya fi kowa yawan bugu a ɗaya rukunin gasar a 1959, kuma shi ne mutum na ƙarshe da Koufax ya fitar a 1963 ranar da ya hana Giants bugu. Ƙarfe 9:46 na dare ya kai duka ya kuskure. Mutum 27 suka zo, 27 suka koma, 14 daga ciki kora aka yi musu. Wannan shi ake kira cikakken wasa, na takwas a tarihin babbar gasa, kuma zuwa ƙarshen kakar 2024 guda 24 kacal aka taɓa yi. Shi ne karo na huɗu a shekara huɗu a jere da Koufax ya hana abokan hamayya bugu, abin da ya sa ya zarce Bob Feller mai uku.

To, Hendley fa? Zango takwas ya jefa, bugu ɗaya marar amfani, kyautar tasha ɗaya. A ƙa'idar lissafin wasan ma makin da aka ci ba a ɗora masa shi ba, tunda kuskuren mai tsaro ne ya kawo shi. Duk da haka a gaban sunansa an rubuta ya sha kaye. A kowane dare na daban, da wannan aikin zai kwana a kanun jaridu. Kwana biyar bayan haka, ranar 14 ga Satumba, suka sake haɗuwa a filin Wrigley da ke Chicago, Hendley ya kayar da Koufax 2-1. Ba wai na ce ajinsu ɗaya ba ne. Hendley ya gama wasa da nasara 48 da rashin nasara 52, Koufax kuwa 165 da 87. Abin da nake cewa shi ne a dare guda, mai jifa na tsaka-tsaki yana iya kusantar gwani ƙwarai, kuma idan maki ya yi ƙaranci, abin da ke raba su sau da yawa ba a hannun ko ɗayansu yake ba.

Wanda ya fi Hendley shan wannan ɗacin shi ne Harvey Haddix na Pittsburgh. Ranar 26 ga Mayu 1959 a Milwaukee ya fitar da mutum 36 a jere, zango 12 cur, babu wanda ya taka tasha. 'Yan ƙungiyarsa suka yi wa Lew Burdette sahihin bugu 12 amma suka kasa kawo ko mutum ɗaya gida. A zango na 13 mai tsaron tasha ta uku ya yi mummunan jifa, daga nan abin ya warware, aka tashi 1-0 a kansa. An ɗauki shekaru masu yawa kafin masu zaɓen gwarzon mai jifa su yarda cewa adadin nasara ba ya auna mutum. Sai a 2010 aka ga sun ba Félix Hernández kyautar Cy Young da nasara 13 da rashin nasara 12, a 2018 kuma Jacob deGrom ya karɓa da 10 da 9.

Akwai kuma abin da masu yabon zamanin da ba su cika son a taɓo ba. Tagar nan ita ce mudun wasan, kuma hukuma ce ke riƙe da shi: in ta ƙara masa baki mai jifa ya ci riba, in ta rage mai bugu ya ci. A 1961 Roger Maris ya tsallake katanga sau 61, shugabannin wasan suka ga bugu ya yi yawa. A 1963 suka faɗaɗa tagar, daga saman kafaɗa har ƙasan gwiwa. Ga mai jifan gudu da ke bi ta sama da lanƙwasa mai faɗuwa ƙasa, kamar da shi aka yi dokar. Tudun kuma a lokacin inci 15 ne a ƙa'ida, ba a kuma cika aunawa ba, kuma baƙi sun daɗe suna ƙorafin cewa na Los Angeles ya fi haka. Duk ƙarin tsayi na nufin ƙwallon na gangarowa ne daga sama, ta ratsa layin kulki a karkace.

Filin ma ya taimaka. Daga 1958 zuwa 1961 Dodgers a wani filin wasannin Olamfik suke wasa, inda katangar hagu ba ta wuce ƙafa 250 da 'yan kai ba, abin da ke zama azaba ga bahagon mai jifa tunda yawancin masu bugu na dama can suke aikawa. Zuwa ƙarshen 1960 Koufax nasara 36 gare shi da rashin nasara 40, jifansa na da gudu amma ba ya jin magana. A 1961 ya gyara, bayan mai cafka Norm Sherry ya ba shi shawarar ya rage ƙarfi ya nemi saiti. A 1962 aka koma sabon fili mai nisan katanga da faɗin gefe, inda iskar dare ke danne ƙwallo. Daga shekarar har ya bar wasa, shekara biyar a jere, babu wanda ya kai shi ƙarancin makin da ake ci a kansa a rukuninsu. Gwanintar tasa ce, amma doka da fili sun buɗe mata hanya.

Abin ya ci gaba har ya wuce gona da iri. A 1968 Bob Gibson na St. Louis ya gama kaka ana cin maki 1.12 a kansa a kowane zango tara, wasa 13 kuma ba a ci shi ko ɗaya ba. Drysdale ya jera zango 58 ba a ci shi ba. Denny McLain ya yi nasara 31. Carl Yastrzemski ya zama zakaran bugu a rukuninsa da abin da ya ɗan haura uku cikin goma, kuma shi kaɗai ya kai hakan. Wasan taurari na shekarar ma 1-0 aka tashi. Wasa irin na Koufax da Hendley yana da daɗi ne idan jefi-jefi ake samunsa, amma da ya zama abincin kullum sai masu tikiti suka fara gajiya. A 1969 aka sauke tudun zuwa inci 10, aka matse tagar. A 1973 rukuni ɗaya ya kawo dokar da ta ba wani damar yin bugu a madadin mai jifa, ɗayan rukunin bai karɓe ta dindindin ba sai 2022.

Har yanzu ana tashi 1-0 da 2-1, amma ba irin wancan ba ne. A 1965 Koufax ya jefa zango sama da 335, ya kori mutum 382, kuma wasa 27 shi ya fara shi ya gama. A kakar 2023, haka ma a ta 2024, duka ƙungiyoyi 30 a haɗe ba su kai wasa 40 da mutum ɗaya ya fara ya gama ba. Wasa mai ƙarancin maki na yau aikin mutum huɗu ne ko biyar: na farko ya yi zango biyar ko shida, sauran kowa ya zo da sabon hannu ya zuba duk ƙarfinsa a kan mutum uku ya koma. Dalili biyu ne. Lissafi ya nuna cewa idan masu bugu suka ga mai jifa karo na uku a wasa ɗaya, sukan fi samun sa, ko don ya gaji ko don ido ya saba. Na biyu kuma hannu ne. Ranar 2 ga Yuli 1963 Juan Marichal da Warren Spahn, wanda ke da shekara 42, sun yi zango 16 kowanne ya yi jifa sama da 200, har Willie Mays ya tsallake katanga aka tashi 1-0. Kocin da ya bari aka yi haka yau, ba zai kwana a bakin aikinsa ba.

Kafin a zagi kocin zamani da tsoro, a duba abin da wancan tsarin ya ci. Koufax da ciwon sanyin ƙashi a gwiwar hannunsa ya buga kakar 1965 gaba ɗaya. Kafin wasa a shafa masa man da ke da zafin barkono, bayan wasa ya tsoma hannun a ƙanƙara, ga allurai ga ƙwayoyin kashe raɗaɗi. A jerin wasannin ƙarshe na cin kofi da Minnesota a shekarar, ya ƙi jefa wasan farko saboda ya faɗo ranar Yom Kippur, babbar ranar ibadar Yahudawa, sannan ya hana su maki a wasa na biyar, ya huta kwana biyu kacal, ya sake hana su a na bakwai, 2-0. A 1966 ya yi nasara 27. A watan Nuwamban shekarar, yana da shekara 30, ya ajiye wasa domin tsoron kada hannun ya nakasa. Tiyatar dashen jijiya da ke ceto masu jifa yanzu sai a 1974 likitan Dodgers, Frank Jobe, ya fara yin ta a kan Tommy John. Saboda haka da kocin Dodgers Dave Roberts ya cire mai jifansa Clayton Kershaw ranar 13 ga Afrilu 2022, bayan zango bakwai babu wanda ya taka tasha, da jifa 80 kacal, ban ga laifinsa sosai ba. Kershaw daga jinyar hannu ya fito, wasansa na farko ne a kakar, kuma atisayen share fage an gajarta shi a shekarar.

Inda na rabu da masu lissafi shi ne lokacin da suka mayar da tsaka-tsakin dubban wasanni ya zama hukunci a kan dare guda, ko da ido na ganin akasin haka. Ranar 27 ga Oktoba 2020, wasa na shida na ƙarshen cin kofi, Tampa Bay na gaban Dodgers da 1-0, kuma in ta faɗi an gama da ita. Blake Snell ya kori mutum tara, bugu biyu kacal aka yi masa, jifa 73 ya yi. Mutum uku na farko a jerin Dodgers, Mookie Betts, Corey Seager da Justin Turner, kowannensu ya tsaya gabansa sau biyu, kowanne an kore shi sau biyu. A zango na shida, Betts na shirin zuwa karo na uku, koci Kevin Cash ya fito ya karɓi ƙwallon ya miƙa wa Nick Anderson, wanda a wasanninsa na baya a jere ana ta cin maki a kansa. Betts ya buga ya kai tasha ta biyu, jifa ɗaya ya kuɓuce wa mai cafka, ɗan Dodgers da ke kan tasha tun kafin Betts ya shigo gida aka farke, Seager ya gangaro da ƙwallo Betts ya shigo gida. Aka tashi 3-1, Dodgers ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1988.